Ruwan Darakta

Shekara talatin da biyu Malam Hanci ya yi yana zuba wa mutanen gari magani a ruwan sha, da ya yi ritaya kuma sai ya koma cire shi. Duk wanda ya tsokane shi da wannan zance sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ai wanda ya ɗaura shi ya san kwancewa.

A matatar ruwa ya yi aiki, a ɗan ɗakin da ake auna kulorin, maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta da ke sa ruwan famfo wari kaɗan. Can ya samo sunansa. Za a ɗebo ruwa a kofi a miƙa masa, ya rufe ido ya shaƙa sau biyu, ya ce, “Ya yi yawa da ɗan kaɗan, a rage.” Masu fararen riguna su kai ɗakin gwaji su ɓata rabin awa, su dawo da abin da ya faɗa. Tun ana kiransa Hanci a bayan ido har aka koma kira a gabansa, har surukansa suka manta sunansa na gaskiya. Shi ma bai damu ba, don kuwa duk dukiyarsa a duniya hancin nan ne.

Saura shekara biyu ya bar aiki aka kawo wata na'ura mai allo aka kafe a bango. Ita ke auna ruwan dare da rana, ba ta mura, ba ta neman hutu. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya rage masa matsayi. Kofin dai aka daina kawo masa. Ranar ya dawo gida ya zauna a falo da takalminsa a ƙafa, shayinsa ya huce a gabansa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ba wanda ya gani sai matarsa, Maman Auta, da ke ɗinki a kusurwar falon. Ta sassauta taka keken, ta dube shi.

Da ritaya ta zo, wasu suka sayi gona, wasu suka buɗe shago. Malam Hanci ya sayo tankin kifi. Ba irin ɗan kwanon gilashin nan da ake ajiyewa a kan firji ba, tanki ne mai cin lita ɗari shida, tsawonsa ya kai mutum a kwance. Ƙarti huɗu suka shigo da shi suna nishi. Doguwar kujerar falo ita ta fara biyan bashin zuwansa, aka fitar da ita baranda, inda take har yau.

“Baban Auta, baƙi kuma a ina za su zauna?”

“Su tsaya su yi kallo, ai ilimi ne.”

Ya zuba kifaye ya ba kowa muƙami, don mutumin ofis ko a mafarki sai ya tsara ma'aikata. Wasu ƙanana guda shida masu gudu ba dalili su ne Masinjoji. Wani baƙi mummuna da ke manne da gilashi yana lasar gansakuka shi ne Mai Shara. Sai kuma babban, mai faɗin tafin hannu biyu, mai ɗigon ja a jiki da leɓen ƙasa a turo kamar an kawo masa takardar da ba a buga daidai ba. Wannan shi ne Darakta. Da safe Malam Hanci zai tsoma yatsa biyu da ƙwayar abinci, Darakta ya taso a hankali, ya dube shi tukuna, sannan ya karɓa kamar yana yi masa alfarma. Shekara takwas suna haka. In ka ji Malam yana magana shi kaɗai a falo, to ba shi kaɗai ba ne, rahoton duniya yake ba Darakta.

Kifi kuwa a ruwan da yake ci a nan yake ɓatawa, dole a riƙa rage tsohon ana ƙara sabo. Kuma kulorin da ke kare ɗan Adam guba ne ga kifi, yana ƙona masa wurin numfashi. Nan Malam ya samu inda iliminsa zai ci gaba da aiki. Kowace Juma'a da yamma sai ya cika duro biyu a bayan gida da ruwan famfo, ya bar su a buɗe, ya jefa musu ɗan tiyon iska mai sa ruwa ɓul-ɓul. Kulorin ba ya son zama, in ruwa ya kwana ya yini a buɗe sai ya bi iska. Asabar ya ɗebo a kofi, ya rufe ido, ya shaƙa sau biyu, ya ce, “Ya tafi.” Daga nan sai jigila, bokiti goma sha huɗu waje, goma sha huɗu ciki, ta cikin kicin, ta gaban keken ɗinki, yana tafe yana ɗiga.

Maman Auta ba ta taɓa barin Asabar ta wuce ba ta yi wa'azi ba. An jiƙa mata yadin mutane, an mai da mata falo kogi, kifin da ba a ci ba a sayarwa mene ne amfaninsa. Darakta kuwa ba ta kiransa da sunansa, sai “wancan mai turo baki”. Ranar Juma'a ma da zarar ya cika durukan sai ta kore shi.

“Je ka yi wanka, warin tiyo kake yi. Ba ni wuri in yi shanya.”

Shi kuma ya tafi yana mamakin matar da shanyarta ba ta tashi sai Juma'a da yamma.

Malam Hanci mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya riƙo. Amma kada ka taɓa masa ruwa. Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aiki a wani gari, ta taɓa aiko masa da kwalin gwajin ruwa, 'yan kwalabe da takarda mai launuka. Kwana uku yana amsa wayarta da “to” da “madalla”. Kwalin ya ƙare a saman kabad. Wata rana kuma aka zuro wata takardar sanarwa ta ƙarƙashin ƙofa, da tambarin matatar ruwa a samanta. Maman Auta ta ɗauka ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙa masa.

“Daga wurin aikinku ne. Ya kamata ka karanta.”

“Yaran da na koya wa riƙe kofi ne za su aiko mini da darasi?”

Ya ninke ta gida takwas, ya durƙusa ya cusa ta ƙarƙashin ƙafar ɗan teburin abincin kifi, wanda dama yake girgiɗi. Teburin ya tsaya cak. Ya ce ka ga, yau dai sun yi abin amfani.

Bayan wannan da shekara ɗaya da rabi, wata Asabar, a bokiti na tara, bayansa ya ce ƙas. Ya tsaya a sunkuye tsakiyar kicin, bai iya miƙewa ba bai iya ajiye bokitin ba, sai kiran Maman Auta yake da muryar da bai san yana da ita ba. Likita ya duba hoton ƙashin, ya dube shi ta saman tabarau.

“Baba, daga yau abin da ya fi butar shayi nauyi ba naka ba ne. In ka sake, a kan gado za ka ƙarasa kallon kifin.”

A mota Maman Auta ta yanke hukunci, kuma wannan karon ba wa'azin Asabar ba ne.

“Ni miji nake so, ba mai kiwon kifi ba. In na ƙara ganin bokiti a hannunka, wallahi mai shagon kifi zan kira ya kwashe su, har da mai turo bakin.”

Ya san za ta aikata. Sati uku ya yi a kwance yana kallon silin, maƙwabcinsa Mai Famfo yana zuwa ran Asabar yana yi masa jigilar, shi kuma yana ba da umarni daga ɗaki. Amma alheri ba ya zama aikin dindindin, Mai Famfo ma da nasa bayan. Tunanin falon nan babu Darakta ya hana Malam sakat. A sati na uku ya ce a ba shi fensir da bayan tsohuwar kalanda.

Abin da ya zana, a gaskiya, abin a yaba ne. Duro ɗaya babba a bayan gida, a ɗaga shi sama. Bututu daga famfo ya shiga duron, a bakinsa a sa ƙwallon roba irin na tankin bayan gida, ruwa na cika ya rufe da kansa. Ruwan ya kwana a ciki tiyon iska na motsa shi. Ƙarfe tara na safe agogon lantarki ya buɗe hanya, ruwan ya gangaro ta wani siririn bututu da ya huda bangon falo ya zuba a tanki. Tsohon ruwa kuma ya malala ta wata ƙofa a saman gilashin, ya bi wani bututun ya fita wurin shukokin Maman Auta. Lita sittin kullum, ba hannun ɗan Adam a ciki.

Mai Famfo ya juya kalandar sama da ƙasa, ya sosa ƙeya.

“Malam, wannan ai matatar ruwa ka dawo da ita gida.”

“To da me kake tsammani? Ɗauko sifana.”

Kwana huɗu suna aiki, wato Mai Famfo na aiki, Malam na zaune a kujerar roba da matashi a baya yana nuni da sanda. Aka jera bulo hawa shida, aka ɗora teburin ƙarfe, aka ɗora duro. Aka yi masa murfi mai raga da maɗauri, saboda ƙura da kyanwar maƙwabta. Duron ya tashi sama har sai ka ɗaga kai. Maman Auta ta fito da tef ɗin awo rataye a wuya, ta dubi abin, fuskarta ta canja.

“Me ya sa sai can sama? Mutum in yana so ya leƙa fa?”

“Wa zai leƙa? Amfanin abin ke nan, ba mai leƙawa. Tsayin shi ke ba ruwa ƙarfin gangarowa.”

“A rage ko bulo uku mana.”

“Maman Auta, ni na taɓa gaya miki inda za ki sa aljihu a riga?”

Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta rufe, ta koma ciki. Washegari ya leƙo ta tagar kicin ya gan ta a kan kujera 'yar tsugunno, ta yi ɗage, tana zungurar murfin duron da sandar tsintsiya. Ta ce yanar gizo take cirewa. Ya ce duron da aka kafa jiya, gizo-gizon nan akwai himma. Ya yi dariyarsa ya wuce.

Ranar buɗewa ya sa riga mai guga. Tara saura minti biyar ya tara Mai Famfo da tasa matar da mai kantin kan kwana a falo, kowa a tsaye tunda ba kujera. Tara daidai agogo ya ce ƙit. Ruwa ya fara zubowa siriri, wani ya fara fita ta ɗaya gefen. Aka yi tafi. Malam Hanci ya harɗe hannu a baya yana kallon silin kamar ba shi ya yi ba, alhali ransa fari ƙal. Tun ranar da aka kafe na'urar nan a bango bai ji shi cikakken mutum irin na yau ba. Wannan karon shi ya ƙera na'urar, kuma hancinsa ne shugabanta, don kowace safiya zai tara kofi a bakin bututun ya shaƙa sau biyu ya ce ya tafi.

Kwana biyar komai lafiya. A na shida Darakta ya taso, ya dubi ƙwayar abincin, ya juya. Malam ya ce sarauta ce ta motsa. A na takwas Masinjoji suka daina gudu, suka taru a saman ruwa suna buɗe baki. A na goma ya tarar da biyu daga ciki sun juya ciki sama.

Ya tsame su da cokali. Ya shaƙi ruwan tanki, ya shaƙi na bututu, ba wari ko kaɗan. Ya zargi abincin, ya zubar ya sayo sabo. Ya zargi gam ɗin da aka haɗa bututu da shi, har suka yi 'yar sama da Mai Famfo ta kan katanga. Ya zargi zafi, ya juya wa tankin fanka. Ya zargi Mai Shara, da ba shi da laifin komai sai muni. Abu ɗaya ne bai zarga ba, don in ya zarge shi kansa ya zarga.

Sai ya yi abin da duk mai kiwon kifi ya sani, wato in kifi ba lafiya ka ƙara masa sabon ruwa. Ya murɗa agogon ya koma sau biyu a rana, tara na safe da uku na yamma. Maman Auta ba ta gida lokacin, kwana biyu ke nan tana fita tun safe, tana can gidan wasu masu taro tana gwada musu kaya.

Rana ta goma sha biyu, ƙarfe uku da 'yan mintuna, ruwan yamma na cikin zuba, Darakta ya sauka ƙasan tanki ya kwanta a gefe ɗaya. Marfin numfashinsa na gefen kai yana buɗewa da sauri, cikin marfin ya yi ja wur. Malam Hanci ya durƙusa a gaban gilashin, ya manta da likita da bayansa. Ya ɗora tafin hannu a jiki.

“Ranka ya daɗe, me na yi maka? Ruwa mai kyau nake ba ka, wallahi mai kyau ne.”

A haka Maman Auta ta shigo da jakar kaya a kafaɗa. Ta dubi mijinta a ƙasa, ta dubi tankin, ta dubi bututun da ke zuba.

“Me ya sa yake zuba yanzu? Ba da safe ba ne?”

“Na ƙara. Sau biyu.”

“Na shiga uku!”

Jakar ta faɗi. Matar da ke cewa gwiwa ta hana ta hawa bene ta tsallake yadi da almakashi ta fizge wayar agogon daga bango. Ta ja aljihun keken ɗinkinta, ta ture zare da kwalbar man keke, ta zaro wata kwalba mai ruwan ƙasa. Ba ta karanta jikinta ba, ba ta yi wata-wata ba. Ta cika murfin ta juye a tanki, ta sake, ta sake, tana ƙirgawa a ƙasan numfashi har shida. Ta naɗe hannun riga ta tsoma hannu ta motsa ruwan.

“Ɗauko tiyon iskan nan na duro ka ƙara a nan. A'a, zauna, bayanka. Ni zan ɗauko.”

Da ta dawo ta jona, sai ruwa ya hau tafasa da kumfa. Malam yana zaune a ƙasa yana kallon kwalbar. Ta sha hannu, takardar jikinta duk ta goge, kuma saura kaɗan a ciki.

“Mene ne wannan?”

“Maganin ruwa.”

“Na wane ruwa? Ruwana ba kulorin a ciki. Na shaƙa.”

Ta durƙusa wajen ɗan teburin abincin kifi ta zare takardar da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Teburin ya karkace, gwangwanin abinci ya faɗi ya watse har ƙarƙashin keke, ba wanda ya kula. Ta warware ninkin takwas ɗin, ta miƙa masa tare da tabaransa.

Sanarwar gajera ce. Matatar ruwa na shaida wa jama'a cewa ta canja magani. Sabon kulorin ne da aka haɗa da wani sinadari don ya daɗe a cikin bututu har ya kai unguwannin nesa. Ba shi da wari sosai, ba ya bin iska ko ruwa ya yi kwanaki a buɗe. Lafiya lau ne ga mutane. Masu kiwon kifi kuwa, a layin ƙarshe da manyan baƙaƙe, su nemi maganin da ke kashe shi kafin su zuba.

Ya karanta sau biyu. Ya dubi kwanan watan.

“Shekara ɗaya da rabi,” ya ce. “To ai shekara ɗaya da rabi ba abin da ya same su.”

“Shanyar Juma'a,” in ji ta.

Sai da ya ɗan jima kafin maganar ta sauka. Ita ta karanta takardar, ita ta je wurin mai shagon kifi ya ba ta kwalbar ya koya mata awo, murfi ɗaya ga kowace lita ɗari. Wannan ce kwalba ta huɗu. Duk Juma'a yana banɗaki yana waƙa, ita tana bayan gida tana auna wa durukansa magani, Asabar kuma ya zo ya shaƙa ya ce ya tafi. Da ya ɗaga duron sama ya ɗaure murfin, sai ta koma zubawa a tankin kai tsaye ran Asabar in ya fita, tana fatan zai isa. Ba ta san na sati ba ya riƙe ruwan da ke shigowa kullum ba.

“Me ya hana ki gaya mini?”

“Na ba ka takarda ka yi wa tebur takalmi da ita. Auta ta aiko da kwali ka yi mata yaji.” Ta share ido da gefen mayafi, haushi da kuka sun haɗu mata. “Ni na ga yadda ka dawo ranar da suka daina kawo maka kofi. Sai kuma ni in zo in ce maka a gidanka ma hancin ya daina aiki? Na ce bari in bar maka Asabar ɗinka. Amma ni ma na yi laifi, da na yi magana tun ranar bulo da 'yan ƙananan nan ba su mutu ba.”

Kunya ta rufe Malam Hanci tun daga kai har ƙafa. Ya zana na'ura mai sassa bakwai, ya lissafa kowane bututu, ashe sashe ɗaya da ke riƙe da ran kifayensa bai ma san da shi ba, kuma shi ne kaɗai ya cire. Ya so ya ce wani abu mai nauyi, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, “Ashe shi ya sa shanyar ba ta ƙarewa.”

“Tashi daga ƙasa kafin in kira likita.”

Kwana uku Darakta yana tsakanin tafiya da zama. Aka sauko da kwalin Auta daga saman kabad, aka kaɗe ƙura, Malam da kansa ya ɗiga ruwan famfon da ya kwana a 'yar kwalba, yana kallo ya rine. Ya buga wa Auta waya ya tambaye ta lafiyar aiki har sau uku, ita kuwa ta gane ta ce ba komai Baba. A rana ta biyu Darakta ya miƙe daga kwanciyar gefe. A ta huɗu da safe ya taso sama a hankali. Malam ya tsoma yatsa biyu da ƙwayar abinci. Darakta ya dube shi, ya turo leɓe, ya kewaye yatsun, ya wuce can ƙarshen tanki inda Maman Auta ke tsaye da tsumma tana yi kamar goge gilashi take. Ya tsaya a gabanta yana kaɗa jela.

“Au, dama kun san juna?”

“Ni ina ruwana da shi,” ta ce, tana karɓar ƙwayar daga hannun mijinta. Ta tsoma, Darakta ya cafke ba tare da jan aji ba. “Ci a hankali, mai turo baki, ba wanda zai ƙwace.”

Ran Asabar Mai Famfo ya zo da shawara da kwali a hammata. Akwai ɗan inji, in ji shi, da ake jona wa kwalbar, shi zai riƙa ɗiga maganin daidai awo duk lokacin da duro ya cika. A sa shi a can sama, shi ke nan an huta da kowa. Maman Auta ta leƙo daga kicin ta ce a sa, a sa maza, ita dama ta gaji da bautar kifi. Malam ya karɓi kwalin ya juya shi, ya yaba ƙirar, ya ce a ajiye masa a saman kabad, gurbin na Auta.

Sannan ya ce, “Maman Auta, ara mini tef ɗinki. Zo ki tsaya nan.”

Ta tsaya a gindin duron tana mita, ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta, ya rubuta a bayan kalanda. Ya juya ga Mai Famfo.

“A zubar da ruwan, a sauke duron. Bulo uku za a cire. Maɗaurin murfin ma a kwance shi.”

“Malam, in aka rage tsayin nan ruwan ba zai yi ƙarfi ba. Abin da yake yi a minti ashirin sai ya kai awa yana rarrafe.”

“Ya rarrafa. Ina za mu?”

Haka abin yake har yau. Injin na saman kabad a kwalinsa. Ƙarfe goma na safe, in ruwan jiya ya gama gangarowa duro ya sake cika, za ka ga su biyu a bayan gida. Ita da kwalba mai ruwan ƙasa, tana faɗin yadda aka hana ta ɗinki saboda kifin da ba a ci. Shi kuma, mutumin da ya auna wa gari guda magani shekara talatin da biyu, yana riƙe mata da murfin duro, wanda bai kai butar shayi nauyi ba. Kullum sai ya tambaya ko nawa za a zuba, kullum sai ta ce rabin murfi da ɗan ƙari, kamar jiya. Wani lokaci yakan ɗebo a kofi ya rufe ido ya shaƙa sau biyu, don hali zanen dutse ne. Sai ya buɗe ido ya dube ta, ita ce za ta ce ya tafi.